Hannun da Ya Ƙi Yi wa Baba Tiyata

"Ke nan ba za ka yi ba?"

Auta ta watsa masa takardun gwajin a kan tebur. Likita ya ɗago ya dube ta, ita da saura wata uku ta zama matarsa. Ya maimaita cewa shi kam ba zai yi wa Baba, mahaifinta, aikin ba, ya riga ya roƙi malaminsa ya yi.

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Baba na kwance, shekara saba'in da tara, ƙari ya toshe masa hanyar maɗaciya a hanta, idanu sun yi rawaya. Kuma kaf asibitin babu mai hannun Likita a wannan aiki.

Yayanta, da dama bai son auren, ya riga ya hura mata wuta. Wai tsofaffi ba su cika tashi daga irin aikin ba, Likita sunansa yake karewa.

"Sunanka ya fi maka Baba, ko?"

"Haba Autata, saurare ni..."

"Kada ka ƙara kirana haka!"

Ta zare zoben ta dire masa. Kwana huɗu yana kira, ko kallon wayar ba ta yi ba.

Ranar aikin ta tarar da shi a bencin dangi, ƙofar ɗakin tiyata. Ba farar riga, ga auduga manne a hannunsa inda aka ɗebi jini saboda Baba. Ta zauna can nesa tana cika tana batsewa.

Sai bayan awa shida malamin ya fito yana zare takunkumi.

"Ina 'ya'yansa?"

Likita ya riga kowa miƙewa, har Yaya.

An cire ƙarin, in ji malamin, tsohon ya jure, amma sai an sa masa ido kwana uku. Likita ya koma ya zauna daɓas. Da ta matso kusa ta lura hannuwansa rawa suke, hannuwan da ake yabo.

"Mu ba ma yanka namu," ya ce. "Dubi. Da wannan kike so in shiga hantar ubana?"

Hawaye suka ɓalle mata, haushin kuwa bai gama sauka ba.

"Da ka faɗa tun farko, bakinka zai yi ciwo?"

"Kin bar ni na faɗa?"

Ta harare shi, ta kamo hannun ta riƙe gam har ya daina rawa.

"Ba ni zobena."