Fuskar da Babalwa Ta Sa Aka Rufe

"Ki rufe min fuska, Siphokazi!" in ji Babalwa.

Siphokazi ta ɗago daga kan na'urar da take haɗa fim ɗinta.

"Rabin raina... duk zaman da muka yi, yau kike jin kunyata?"

"Yaya Luvuyo ya rantse. In ya gan ni a ciki, ni da gidan Mama har abada!"

Fim ɗin na tsofaffin matan unguwar Gugulethu ne, waɗanda a zamanin wariyar launin fata suke kulle ɗaki su kalli haramtaccen kaset, don kawai su ga mace ta so mace kamar yadda suke yi. A ƙarshensa Siphokazi ta saka kansu, ita da Babalwa a bakin teku.

Siphokazi ta koma kan na'urar. Ta mai da fuskar Babalwa dishi-dishi, irin yadda ake yi wa ɓarayi a talabijin.

Ranar Asabar da rana aka haska shi a zauren unguwa. Babalwa ta lafe a kujerar baya. Tsofaffin suka riƙa fitowa a fim ɗin fuska a buɗe, wata ba haƙori, wata da tabon duka. Sai ga Siphokazi tana dariya, ta jingina kai a kafaɗar wata marar fuska.

Babalwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka kunna fitilu, Kaka Nomhle, wadda ta fi kowa tsufa a fim ɗin, ta buga sandarta.

"Ke 'yar nan! Mu da muka sha kulki mun nuna yamutsattsun fuskokinmu. Wannan gajimaren da kika runguma fa, aljana ce?"

Zaure ya kwashe da dariya.

"In tana nan ta tashi, mu ga surukarmu!"

Siphokazi ta dubi kujerar baya. Ta jira.

Tsoro halitta ne, ba a zagin mai shi. Amma wanda ya bar masoyinsa tsaye shi kaɗai a gaban jama'a, ya san abin da ya aikata. Babalwa ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi.

"Ba ta zo ba, Kaka," in ji Siphokazi.

A waje Babalwa ta cim mata, ta kama hannunta tana hawaye.

"Masoyiyata, ki yafe min... ga ni nan..."

Siphokazi ta zare hannunta a hankali.

"Na riga na gaya wa mutane ba ki zo ba, Babalwa. Kada ki mai da ni maƙaryaciya."