Hoton Matar Soja a Kaskon Turarena

"Surayya, ina hoton da ke cikin aljihun nan?"

Tambayar da Gwadabe ya jefo min ke nan da safiyar Juma'ar, yana tsaye a ƙofar ɗaki da tawul a wuya, farar jallabiyarsa a hannu. Ni kuwa ina durƙushe gaban kaskon turare, ko ɗago kai ban yi ba.

"Wane hoto? Na budurwarka?"

"Ba wasa nake yi ba. Ina yake?"

Na nuna masa kaskon da baki.

Wallahi ban taɓa ganin mijina ya yi irin wannan zabura ba. Da hannunsa ya tsoma cikin garwashi ya ciro shi, yatsunsa na ƙonewa bai ma sani ba. Amma ina, wuta ta riga ta gama aikinta. Fuskar ta tafi, sai kafaɗa da wuyan riga suka rage.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: ni mai kishi ce, kuma ba ɗan kaɗan ba. A nan Jidda aka haife ni, a Aziziyya, kakana da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Gwadabe kuwa daga Kano ya zo aikin direba, muka haɗu, muka yi aure shekara shida ke nan, muna da 'yarmu Madina. Ina son mutumin nan har abin yana ba ni haushi.

A Ruwais yake aiki, gidan Ummu Yazan, wata tsohuwar Baturiya 'yar Kanada da ta auri likita ɗan Jidda tun da jimawa, ta musulunta, mijin ya rasu, ciwon suga kuma ya cinye mata ido. Ita ba ni da matsala da ita. Matsalata jikarta ce, Lujain. Fara, doguwa, ga dariya kamar ba ta san damuwa ba. Kullum wayar Gwadabe cikin ƙara take: "Ammu Gwadabe, kai ni nan, Ammu Gwadabe, ɗauko min can." Wai ammu, wato baffa. Na ce a raina, baffan da bai wuce talatin da biyar ba?

Duk Juma'a ni nake turara masa jallabiyar masallaci. Mahaifiyata ta koya min a fara duba aljihu kafin a ɗora tufa a kan kasko, kada zafi ya ɓata takarda. Ni dai ina dubawa, amma Allah ya sani ba don takarda nake yi ba. Ranar nan aljihun dama na fara sa wa hannu, sai ga ɗan hoto cikin leda, baƙi da fari. Fuskar Lujain ce sak, kai babu ɗankwali, gashi a zube. Na ga gefensa ya ci, ya tsufa, amma kishi ya raɗa min cewa yawan shafawa ne. Na fi minti goma ina kallonsa, sannan na zare ledar na ɗora shi a kan garwashi.

Gwadabe ya zauna a ƙasa, ragowar hoton a tafin hannunsa. Na so ya yi min ihu in samu abin ramawa, amma muryarsa a sanyaye ta fito.

"Kin san wace ce wannan? Mahaifiyar Ummu Yazan ce."

"Ƙarya ne, Lujain ce..."

"Kama ce ta jini. Hoton nan ya haura shekara tamanin, Surayya."

Nan ya ba ni labarin da ya sha ƙoƙarin ba ni ina toshe kunne, don duk zancen da ya fito daga gidan Ruwais ba na son ji. Mahaifin tsohuwar nan sojan Kanada ne, aka tura su Hong Kong a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bar matarsa da cikin Ummu Yazan. Ba su daɗe da sauka ba Japanawa suka ci garin, aka kama su fursunonin yaƙi. Shekara kusan huɗu yana tsare, daga baya ma aka loda su a jirgin ruwa zuwa Japan haƙar kwal, ga yunwa, ga duka, abokansa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hoton nan a cikin hularsa ya ɗinke shi, duk binciken masu gadi ba su taɓa gano shi ba. Shi kaɗai ne hoton matar da ya rage a duniya, kuma tsohuwar ba ta taɓa yarda ya fita daga gwangwanin da take ajiye shi ba sai jiya. Bikin Lujain ya matso, tsohuwar tana so a faɗaɗa shi a yi mata kyautar ba-zata. Gwadabe ta amince wa. Ya je shagon mai hoto a Bagdadiyya ya tarar an rufe, ya ce sai Asabar, ya bar shi a aljihun jallabiyar.

Duk da haka bakina bai daddara ba. Na ce to me ya hana ya faɗa min?

"Yaushe rabon da ki bar ni in ƙarasa magana idan sunan gidan nan ya fito?"

Ya tashi ya sa wata riga daban, wadda ba ta ga turare ba. A bakin ƙofa ya ce zai gaya wa tsohuwar shi ya yar da hoton. Na ce ai za su iya sallamarsa, su ne kafilansa da suka tsaya masa, iƙamarsa ta zaman ƙasa a hannunsu take. Ya ce ya sani. Sannan ya ƙara da abin da ya fi wutar kaskon zafi.

"Aikin ba shi ne damuwata ba. Na gaji da zama da matar da kullum take cajin aljihuna kamar ɓarawo. Zan yi tunani, Surayya."

Bai dawo cin abincin rana ba. Da la'asar na kai Madina gidan mahaifiyata, na sa abaya, na tari mota sai Ruwais. Duk hanya ina kuka, ina kuma jin haushin kaina da nake kukan.

Lujain ce ta buɗe min ƙofa, ta rungume ni tana cewa ashe ni ce Ummu Madina da ammu ba ya gajiya da zancenta. Kunya ta kusa kashe ni a tsaye. A falo na tarar da tsohuwar a kujera, gwangwanin a cinyarta, Gwadabe a durƙushe gabanta ya fara cewa hoton ya faɗi a hanya.

"Bai faɗi ba, ya khala," na ce da Larabci, ina kiranta inna. "Ni na ƙona shi. Na zaci Lujain ce."

Lujain ta dafe baki ta fita. Tsohuwar ta miƙo hannu, Gwadabe ya ɗora mata ragowar, ta dinga shafa bakin ƙunar da yatsa har toka ta ɓata mata hannu. Hawaye ya zubo daga idanun nan da ba sa gani.

"Shekara huɗu a hannun maƙiya bai ƙone ba," ta ce. "Sai a kwana ɗaya."

Na zube ƙasa na riƙe ƙafarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma janye ƙafar ba. Can sai ta ce in zauna in ji. Mahaifinta, in ji ta, shekara biyu a sansani bai samu wasiƙa ko ɗaya ba, sai zuciya ta fara gaya masa matar ta samu wani. Da aka ba su damar aika ɗan kati mai 'yan kalmomi, maimakon gaisuwa sai ya rubuta mata cewa in ta yi sabon miji, ya sake ta. Katin ya isa. Ashe duk mako matar tana rubuto masa, wasiƙun na jibge a buhu a ofishin masu gadi. Ya dawo gida da ransa, suka zauna tare shekara talatin, amma mahaifiyarta ba ta sake yi masa irin dariyar cikin hoton ba.

Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Kin kalle shi sosai kafin ki ƙona?"

"Na kalla..."

"Na san kin kalla. Mai kishi ba ta kallon rabi. Shekara tara rabona da ganinsa, fuskar ta fara ɓace min. Yalla, 'yata, faɗa min abin da kika gani."

Na faɗa mata. Tsagar gashi ta gefen hagu. Ɗan tabo a ƙarƙashin ido. Haƙorin gaba ɗaya da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Yadda ta karkata kai kamar mai ɗaukar hoton ya faɗi abin dariya. Duk abin da na haddace don in tsani matar nan, shi na zazzage wa 'yarta, tana gyaɗa kai tana cewa, "Ita ce, wallahi ita ce." Da na gama ta ce shi ke nan, in tashi, amma duk Alhamis in zo in sake faɗa mata. Gwadabe kuma ta ce ya zo aiki gobe kamar kullum.

Muka koma gida tare. Haka muka yi mako guda, gaisuwa da abinci kawai, ni kuma ina jiran ranar da zai ce ya gama tunanin.

Juma'a ta zagayo. Na hura garwashi ba tare da na sa rai ba, sai ga shi ya miƙo min jallabiyar. Na karɓa zan ɗora a kasko, ban taɓa aljihu ba.

"Duba mana," ya ce.

"Na daina, Abu Madina."

"Na hagu. Ba ki taɓa kaiwa can ba, kullum a na dama kike samun abin faɗa."

Na sa hannu. Can ƙasa akwai wani ɗan aljihu da ya sa tela ya ɗinka masa daga ciki. Na ciro ɗan ƙaramin hoto, gefensa duk ya ci saboda shafawa. Ni ce, ranar da aka kawo ni gidansa, ina harararsa don ya makara.

"Tun yaushe?" na ce.

"Shekara shida, Surayyata. Duk Juma'a nake cire shi kafin in ba ki rigar, kada ki ga kin samu kaina." Ya goge min hawaye da yatsun da har yanzu ke ɗaure da bandeji. "Wannan kam don Allah kada ki ƙona, shi kaɗai gare ni."