Bakanike da Kayan Injin Baba

Auta na bisa tsani tana kaɗe ƙurar kantar kaya ta sama, sai ta ji sallama a bakin sito. Ta waigo da sauri har gwiwar hannunta ta ture wani kwali. Kafin ya kai ƙasa, wani dogon saurayi mai shuɗiyar rigar aiki ya cafe shi, ya rungume kamar jariri.

"Ranki ya daɗe, a yi a hankali," ya ce yana leƙa ciki. "Kabireto ne fa, sabo dal! Shekara biyu ina nemansa."

"Ni da na kusa faɗowa ba a tambayi lafiyata ba, sai ƙarfe?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Ta ga kunya ta kama shi, ya sosa ƙeya da hannun da baƙin mai ya rine.

"Tuba nake. Ina fatan ba a ji ciwo ba."

Ta danne dariya ta sauko.

Siton na mahaifinta ne, hayarsa yake yi. Shekara arba'in da suka wuce Baba ya saro kayan injin mota masu ɗimbin yawa, fistoci da ringi da bawul da famfon mai da gasket, ana gobe za a daina yayin irin motocin. Sababbi suka shigo, kasuwar ta mutu, kayan suka zauna a kwalayensu, naɗe da takarda mai maiƙo, ko guda ɗaya ba a taɓa ɗaurawa a mota ba. Yanzu idanun Baba sun yi rauni, mai ginin kuma ya ba su wata biyu su kwashe don zai rushe wurin. Yayyenta duk suna aiki nesa, shi ya sa nauyin ya faɗo kan Auta. Ita ta liƙa sanarwa a ƙofa cewa za a sayar da kayan sari, gaba ɗaya, ba ɗai-ɗai ba.

Saurayin ya ce shi bakanike ne, aikinsa tayar da tsofaffin motoci. Ya zagaya siton yana shafa kwalaye kamar mai gaisawa da dangi.

"To, za ka saya?" ta tambaya.

"Ko an haɗa ni da garejina an sayar, ba za mu sayi rabin wannan ba. Amma na ga kin jera fistoci a layin bawul. In an yarda, zan riƙa zuwa ina taya ki warewa."

"Nawa ne ladan aikinka?"

"A riƙa amsa mini sallama da fara'a, ya isa."

Haka ya fara zuwa kullum da yamma in ya tashi daga gareji. Shi ya sauko da kwali ya faɗi sunan abin da ke ciki, ita ta rubuta ta liƙa. Ya koya mata gane ringi mai kyau, ta koya masa wanke hannu kafin ya taɓa mata takardu. Ta raɗa masa Mai Baƙin Hannu, shi kuma yana ce mata Uwar Sito. Sati uku da farawa, wani saƙo ya shigo wayarta:

"Uwar Sito, yau na ɗaura wa wata mota fulogi a baibai saboda tunaninki. Mai motar na nan yana faɗa. Ki zo ki ba shi haƙuri, laifinki ne."

Ta karanta sau uku tana murmushi, sannan ta mayar:

"Mai Baƙin Hannu, ni ma na rubuta gasket a kwalin bawul. Mun yi kunnen doki."

"To Sanyin Idona, tunda ciwon iri ɗaya ne, a ba ni izini in gaida Baba."

Sai dai wani ya riga shi zuwa wurin Baba. Akwai ɗan aminin Baba da kowa ke kira Dillali, mai tsaf-tsaf da ƙamshin turare, wanda ya daɗe yana neman Auta tana kakkaucewa. Shi ne ya kawo tayin a auna kayan a sikeli a matsayin tsohon ƙarfe, a kai masu narkawa. Ran nan Auta ta dawo gida ta tarar da shi a falo, Baba ya haɗe rai.

"Auta, zo nan," in ji Baba. "Yaron da ke zuwa sito, ke yake so ko kayana?"

Dillali ya miƙo mata wayarsa. Hotunan kayansu ne a wani shafin intanet, kanta bayan kanta, an rubuta ana sayarwa, a ƙasa kuma lambar Bakanike. Ta tuna ranar da ya roƙe ta ya ɗauki hotunan, wai don ya riƙa kallo.

"Kin gani ko, ƙanwata?" Dillali ya ce a tausashe. "Ya lallaɓa ki a ba shi a banza, shi ya sayar da tsada."

"Kada ya ƙara taka mini sito," in ji Baba. "Ran Asabar a kawo sikeli. Gara a narke su da a yi wasa da hankalin 'yata."

Umma ta bi ta ɗaki ta same ta tana kuka. Ta zauna tana shafa mata baya, can ta ce, "Ki tambaye shi mana, 'yar nan. Ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba."

Auta ta tura masa hoton da kalma ɗaya: "Me ya sa?"

Amsa ta zo nan take:

"Sanyin Idona, masu saye nake nema wa Baba. Na sa lambata ne don ba na son baƙin maza su riƙa kiranki. Ban gaya miki ba don ina tsoron in sa miki rai abin bai yiwu ba, kuma na yi kuskure, ki yafe mini. Don Allah kada a narke kayan nan. Ki ba ni zuwa Asabar da tsakar rana."

Kwana uku tana juya maganar, zuciyarta na cewa ta yarda, hankalinta na cewa ta yi hattara.

Ran Asabar da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar sito da sikeli a bayanta. Baba ya zo da sandarsa, Umma na riƙe da hannunsa. Dillali ya miƙa hannu a ba shi makulli. Auta ta tsaya a jikin ƙofa, makullin dunƙule a tafin hannunta.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Ina roƙon arziki, a jira zuwa tsakar rana. In Bakanike bai zo da masu saye ba, da hannuna zan buɗe."

Baba ya sa aka ajiye masa kujera a inuwa. Rana ta yi ta ɗagawa. Dillali na ta duba agogo yana tsaki. Auta kuwa ta kafa wa titi ido har hawaye ya fara taruwa.

Baba ne ya fara ji. Ya karkata kai, ya ɗaga yatsa.

"Ku yi shiru. Wannan silinda shida ce. Rabon da in ji wannan kukan tun ina da baƙin gashi."

Sai ga su sun shawo kwana, tsofaffin motoci bakwai a jere, fenti na ƙyalli, Bakanike a ta gaba. Dattawa suka firfito. Shugabansu, wani farin tsoho mai gilashi, ya gaida Baba ya ce su ƙungiyar masu tsofaffin motoci ne, sun yi karo-karo za su sayi kayan gaba ɗaya, da darajarsu ta kayan inji.

Auta ta buɗe ƙofa. Dattawan suka shiga suna salati kamar yara a shagon alewa. Baba ya miƙe ya bi su, yana laluba kwali yana faɗin abin da ke ciki ba tare da ya gani ba, muryarsa ta dawo irin ta dā. Kafin la'asar an daidaita. Dillali ya ja motarsa da sikelinsa ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe," Shugaba ya ce wa Baba, "wannan yaro ya bi mu gida-gida har sati biyu. Mun yi masa tayin la'ada ya ƙi, ya ce mu zo mu yi ciniki da mai kaya baki da baki."

Baba ya sa aka kira Bakanike. Ya zo ya durƙusa.

"Yaro, na zarge ka, ka yafe mini. Ka ƙi la'ada, to me kake so?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Baba, abin da nake so ya fi ƙarfin bakina. Sai dai in turo iyayena."

Umma ta rufe baki tana dariya, Auta ta ruga bayan kantoci ta ɓuya. Can ya same ta.

"Har yanzu ana fushi da ni, Sanyin Idona?"

"Ana yi. Kada ka ƙara ɓoye mini komai, ko da alheri ne."

"Na yi alkawari. Daga yau ko tayar mota ce ta sace, ke za ki fara ji."

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura musu aure. Yayyenta duk suka zo, gida ya cika. Da za a tafi da ita, suka durƙusa gaban iyayenta su biyu. Baba ya lalubo hannun Auta ya ɗora a cikin na angon, ya riƙe su tare.

"Ga autata nan, amana ce. Allah Ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku yadda ta ji ƙaina."

"Amin, Baba," in ji ango.

Umma ta share hawaye ta ce, "Ku tashi ku je, Allah Ya yi muku albarka."

Gidan duka ya amsa da amin.