Zaren Marmaro

Tun ranar da Telba ta raɗa wa jaririyarta suna Shana, surukarta Balbina ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. A yankinsu na duwatsun Asturiyas kowa ya san sunan aljanar marmaro ne, wadda ba ta da nono, sai ta sace jaririn mutane ta bar nata a shayar mata.

"Sunaye ne suka ƙare a duniya?" in ji tsohuwar. "To, in kin je ɗiban ruwa, kada ki kuskura ki ajiye ta ƙasa."

"Kai, Inna, ke dai da tsoro!"

Rannan tatsar shanu ta makarar da Telba, sai gab da faɗuwar rana ta gangara marmaro, tulu a hannu, jaririya a kwando. Ana yayyafi. Ko'ina warin danshi da ruɓaɓɓen ganye, ƙararrawar shanu na kaɗawa can nesa.

A bakin dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa ta ga zare yana walƙiya. Zinariya! Ta ja, ya biyo. Ta ƙara ja, ya biyo. Naɗe shi kuwa sai da hannu biyu, ga Telba da kwaɗayi. Ta dire kwandon a ƙasa.

Kwaɗi suka yi tsit.

A bayanta ta ji kukan jariri, siriri kamar na kyanwa. Ba na 'yarta ba ne.

Ta waiga. Wata 'yar ƙaramar mace ce tsugune, gashinta jiƙe har ƙasa. Shana na rungume a ƙirjinta. A cikin kwandon, wani abu mai gashi yana tsotsar yatsa.

"Sunana kika ba ta," in ji matar cikin raɗa. "Tawa ce."

Zaren ya suɓuce. Telba ta matso kusa.

"Ki ba ni 'yata."

"Nawa yunwa yake ji."

Telba ta kwance gaban rigarta, ta ɗauki abin da ke kwandon ta ba shi nono. Bakinsa sanyi ƙalau. Ya sha, ya sha, har idonta ya fara ganin duhu. Da matar ta miƙo hannu ta karɓi nata, Telba ta fizge Shana ta ruga, takalmin katakonta ɗaya ya tsaya a laka.

Tun daga ranar, kullum da safe sai Balbina ta tarar da jiƙaƙƙen sawu a bakin ƙofa. Ta ce a kira fada daga coci ya yi addu'a. Telba ta ƙi. Nononta na hagu kullum wayam yake wayar gari, kuma ta san muddin ɗan aljanar na zuwa sha da dare, 'yarta za ta kwana a gida.