Yatsun Mai Burodi

Ranar da Auta ta fara ganin Mai Burodi, da faɗa suka gaisa. Ta yi baya da babbar motar Yayanta za ta sauke buhunan fulawa, saura ƙiris ta rushe katangar gidan burodin, sai ga wani dogon saurayi ya fito a guje, fulawa ta yi masa fari har a gira.

"Malama, wa ya ba ki mota?"

"Wanda ya kwashe mana direbobi ya kai bakin daga," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "In ka iya, zo ka karɓa."

Bai iya ba. Haka ya tsaya yana ba ta hannu har ta daidaita, sannan ya miƙo mata burodi mai zafi ta taga. Ta karɓa tana harararsa, amma kafin ta kai kwana ta cinye rabi.

Tun da yaƙi ya ɓarke garin ya zama na mata da tsofaffi. Yayan Auta yana cikin rukunin farko da suka sa kaki, ya bar mata makullin mota da amanar iyaye. Ita ke ɗauko fulawa, ita ke ɗauko magani, kuma ita ke kai sababbin sojoji tashar jirgin ƙasa, aikin da ta fi tsana a duniya.

Ba a daɗe ba buhunan fulawa suka fara ɗaukar lokaci wajen saukewa. Abin da ake gamawa a ɗan zama ɗaya ya koma sai rana ta take, kuma babu wanda ya ga nauyinsu ya ƙaru.

Saƙon Mai Burodi na farko ya shigo wayarta tana canza taya: "Direbata, yau ban ji hon ɗinki ba, har kwaɓin ya ƙi tashi. Lafiya dai?"

Ta goge hannu a zani ta mayar: "Farin Gira, kwaɓinka yis yake so, ba hon ba. Amma gobe zan danna maka sau biyu."

Ta kamu, kuma ta san ta kamu. Son shi take har cikin ranta.

Matsalar tana gida. Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wuni yake da rediyo a kunne yana jiran labarin inda ɗansa yake. Yana da nasa ɗan takarar kuma: Kofur na ofishin ɗaukar soja, mai kaki a goge kullum, wanda tun da aka fara yaƙin bai taɓa wuce bakin kasuwa ba. Kofur kan zo da yamma ya zauna kusa da rediyon yana fassara wa Baba yadda ake yaƙi.

Da Inna ta kai maganar Mai Burodi, Baba ya kashe rediyo, abin da bai taɓa yi ba.

"Auta, ɗana yana can yana kwana a rami. Ni kuma in ɗauki 'yata in ba wanda ya ƙona yatsunsa don kada a ɗauke shi?"

"Baba, wane irin ƙona yatsu?"

"Tambayi Kofur. Na'urarsu ta kasa ɗaukar zanen yatsunsa. A shafe suke tas. Duk gari an sani, ke kaɗai ce a baya."

Gaskiyarsa, duk gari an sani. Matan da 'ya'yansu ke fagen fama sukan karɓi burodinsa su ƙi amsa gaisuwarsa. Auta ta tuna irin yadda yake sa hannu a aljihu in suna hira, sai zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta rubuta masa: "Yayana ya tafi da yatsunsa goma lafiya. Kai me ya sami naka?"

Amsar ta zo a gajarce: "Har ke?"

Ta daina danna hon. Takan sauke buhu ta ja motarta, shi kuma ba ya leƙowa. Amma fushin Auta ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Wata safiya ta kashe mota, ta tura ƙofar ta shiga har ciki, da niyyar ta faɗa masa maganar da zai daɗe bai manta ba.

Zafi ya buge ta tun daga bakin ƙofa. Yana gaban tanderu, bai ji shigowarta ba. Ta ga ya zura hannu ya jawo gwangwanin burodi da yatsu tsirara, ya kife, ya jawo wani, ya kife, ga tsumma rataye a kafaɗarsa ko taɓa shi bai yi ba. Ta kai yatsa ta ɗan taɓa gwangwani ɗaya, sai ƙara ta ƙwace mata.

Ya juyo da sauri, ya kama hannunta ya tsoma a bokitin ruwa.

"Haka kake yi kullum?" ta ce, hawaye na zubo mata, ba na ƙuna kaɗai ba.

"Tun ina tsayawa a kan bulo kafin in kai bakin tanderu. Mahaifina ya ce tsumma ɓata lokaci ne, burodin ciki zai ƙone." Ya buɗe mata tafinsa. Kan yatsun sumul kamar bayan cokali. "Ranar da Yayanki ya shiga layi ina bayansa, Direbata. Na koma har na gaji da komawa. Na'urar ba ta san ni ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Wanda ɗansa ke can, me zan ce masa? Kunya ce ke kashe ni."

"Ka yafe min, Farin Gira."

Ya ce ya yafe. Abin da bai faɗa mata ba shi ne Kofur ya aiko masa. Wai ya ji tausayinsa, zai sa shi a mota ba sai an bi ta na'ura ba, in ya so can a ƙarasa sauran. Tausayin Kofur kuwa, mai ido ya san inda ya dosa.

Ranar tafiya filin gaban ofishin ya cika da iyaye. Baba ma yana nan da sandarsa, don ba ya fashin rakiya. Auta ta zagaya za ta ɗaga murfin bayan mota, sai ta hango Mai Burodi can cikin samarin, ya sunkuyar da kai, an wanke gira tas.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ashe ya shirya saƙon tun da wuri: "Direbata, kada ki yi fushi. In na dawo da kaki, Baba zai ba ni ke. Ki kai ni da hannunki."

Ta karanta har ƙarshe. Sannan ta buɗe gaban mota, ta zare makulli, ta rufe shi a tafin hannunta.

"Motar nan ba za ta tashi ba."

Kofur ya taso yana gyara bel. "Ke, kin san abin da kike yi? Wannan aikin hukuma ne."

"Na sani. Ni na kai Yayana tasha, ni na kai 'ya'yan matan nan, ban taɓa cewa uffan ba. Amma ba zan kai mutumin da ka cusa ta bayan fage don ya ba ka wuri ba. In aka harbe shi a can, da me za a gane shi? Wa zai zo ya gaya wa uwarsa?"

Kyaftin ɗin da ya zo karɓar samarin ya dubi Kofur, Kofur ya dubi takalminsa.

Auta ba ta gama ba. Ta juya wajen matan. "Ku kuma, iyayena, ku da ba kwa amsa gaisuwarsa, burodin da ake kai wa bariki wa ke gasa shi? Wanda kuke cusa wa yaranku a jaka yau, daga hannun wa ya fito? Kuna ci kuna zagi!"

"Auta," in ji Mai Burodi a hankali, "ki bari."

"Ba zan bari ba. Kai ma sauko. Ni ban ce ina son kaki ba, kai na ce ina so." Ta dubi mahaifinta. "Baba, ban taɓa ƙin maganarka ba. In ka ce kada in aure shi, zan zauna a gabanka har in tsufa. Amma Kofur dai, a'a."

Baba ya dogara sanda ya taka har bayan motar. "Yaro, miƙo hannunka."

Ya riƙe yatsun yana shafawa da babban yatsansa, ya daɗe. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa gaban wutar injin jirgi ba sai an yi masa bayanin bambancin ƙunar jiya da ta shekara da shekaru ba.

"Na ba da ɗa ɗaya," ya ce. "Ba zan tura na wani da bakina ba. Sauko, ɗana."

Kyaftin bai hana ba. Ya ce kawai Kofur ya same shi a ofis. Auta ta tada mota ta kai sauran tasha, tana kuka tana tuƙi.

An ɗaura auren a tsakar gidan Baba, shaidu duk masu furfura. Matan da suka daina gaishe shi su suka fi kowa kai da kawo, ba wadda ta tada tsohon zance. Ana cikin taro saƙon Yaya ya shigo, Auta ta karanta wa kowa: "Autarmu, na ji abin da kika yi a fili, har abokaina sun san ki yanzu. Ki gaishe da angon. Ki ce ya riƙe ki da kyau, ke ma kin fi gwangwani zafi."

Aka yi dariya har Inna na share ido. Baba ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. Allah Ya kashe wannan wuta, Ya dawo mana da yaranmu. 'Ya'yanku kuma, kada Allah Ya sa uwarsu ta kai ko ɗaya tasha."

Duk gidan ya amsa da amin, amma ta Auta ta fi ta kowa ƙarfi.