Ranar da Muryar Kaka ta Ɗauke

Ku zo nan, 'ya'yana. Ku ajiye wayoyin nan, ku jawo yaranku kusa.

Akwai wata yarinya 'yar aji shida. A gida ana kiranta Sarkin Sauri. Mamanta tela ce. Kakarta kuwa idanunta sun daina gani.

A falonsu akwai tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai manhaja mai karanta littattafai da murya. Kullum da safe yarinyar ke kunna wa Kaka kafin ta tafi makaranta. Wannan muryar ce abokiyar hirar Kaka har yamma.

Sai kwamfutar ta koyi nawa. A kunna ta, a yi wanka, a karya, ba ta gama tashi ba.

Kaka ta ce, "Wannan ta fi ni tsufa. Ni dai ina tashi, ko da gwiwa na ƙara."

Yarinyar ta ce, "Yau zan yi maganinta!"

Ta shiga saiti tana dube-dube. Ta ga wani abu wai shi ƙwaƙwalwar aro. Ya cinye wuri mai yawa.

"Ashe kai ne ɓarawon!" in ji ta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kashe shi, ta sake kunna kwamfutar, ta ruga makaranta.

Da ta dawo, falon shiru. Kaka na zaune a kujerarta, hannu a cinya.

"Kaka, ina karatun?"

"Ki tambayi aikinki. Muryar ta yi in'ina, ta ɗauke a tsakiyar magana. Tun safe nake sauraron kukan keken ɗinki."

Yarinyar ta ji kamar ta nutse. Mama ta leƙo da almakashi a hannu.

"Me kika taɓa?"

"Gyara na yi, Mama."

"Wannan ne gyara? Daga yau kada ki ƙara zuwa kusa da ita."

"Don Allah, Mama, ki ba ni zuwa gobe. Ni na ɓata, ni zan nemo yadda za a yi."

Washegari a makaranta ana tashi hutun tara, ba ta fita wasa ba. Ta tsaya a ƙofar malamar kwamfuta har malamar ta gama aikinta. Ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Malama ta ce, "In teburin mamanki ya cika da yadi, ina take sa sauran?"

"A kan benci, Malama."

"To, bencin kika ɗauke. Ƙwaƙwalwar kwamfutarku ƙarama ce. In ta cika, sai ta ari wuri a ma'ajiya. Kin hana ta aro, aiki ya tsaya."

"To me ke sa ta nawa da safe?"

"Wa ya zuba mata wasanni?"

"Ni ce, Malama."

"Kowane wasa yana so ya tashi tare da ita. Kamar ku ne a ƙofar aji, kowa na turawa, babu mai wucewa."

Malama ta nuna mata komai a kwamfutar makaranta. Yarinyar ta ce a bari ta gwada da hannunta. Ta yi kuskure, ta sake, har ta iya.

A gida Mama ta tsaya a kanta. Yarinyar ta mayar da ƙwaƙwalwar aro, ta bar kwamfutar ta zaɓi girmanta da kanta. Ta buɗe jerin masu tashi da safe. Wasanninta ne reras. Ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ta bar mai karatu kaɗai.

Ta kashe kwamfutar, ta kunna. Kafin Kaka ta gyara zama, muryar ta dawo tar.

Kaka ta lalubo kunnen jikarta ta ja kaɗan. "Ja'ira! Yi shiru, an zo wurin daɗin."

Darasin a fili yake. Abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka cire shi. Ka tambaya tukuna.

Saura magana ɗaya. Mama ta ce hanin yana nan na mako guda. Kaka ta ce wanda ya gyara ba a hana shi. Ku ma iyaye ne yanzu. Ku raba musu wannan gardama.