Roba Ta Goma Sha Biyu

"Ajiye ludayin nan ki fita daga kicin ɗina!"

Mama ce, mai gidan rainon yaran da nake wa girki shekara uku ke nan. Na ajiye.

"Yara goma sha ɗaya suna gudawa, duk sun rame! Malama ta ce ba kya wanke hannu."

Malama 'yar ƙanin Mama ce, ita ke koyar da yaran. Tana jingine da ƙofa tana duba farcenta. Ta daɗe tana son ɗan Mama, shi kuwa kullum a tagar kicin ɗina yake tsayawa gaisuwa.

Na sunkuyar da kai... Ni da ko sunana aka tambaya sai na kalli ƙasa.

Sai ga ɗan Mama ya shigo da farar rigarsa. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti yake aiki.

"Mama, a bi a hankali. An duba bayan gidan yaran da madubi ba a ga komai ba, amma akwai wani gwajin. Shi ba ya jiran ido ya ga tsutsa ko ƙwanta. Ƙwayoyin halittar cutar yake ganowa, ko da kaɗan ce a ciki. In daga hannun mai girki ne, ita ma za a samu a nata."

Malama ta sheƙe da dariya.

"Wannan ce za ta kawo maka bayan gidanta? Ai gara ta bar garin!"

Gaskiya ta faɗa, ta san halina. Amma in na gudu, har abada ni ce ƙazamar da ta sa wa yara ciwo.

Washegari iyaye suka kai masa bayan gidan yaran ɗakin gwaji, a robobi goma sha ɗaya. Na jira duk suka watse, sannan na shiga da tawa.

"A'a, Anti Abinci!" Haka yara suke kirana. "Tsaraba aka kawo min?" in ji shi.

"Don Allah Yaya... kar ka buɗe a gabana."

Ya ɗaga ƙullin yana juyawa.

"Leda uku?"

"Huɗu ce," na ce a hankali.

Dariya ya yi har da riƙe tebur.

"Wasu samarin turare ake kai musu, ni kuwa..."

"Wallahi zan tafi!"

"Tsaya, sanyin idona." Muryarsa ta sauka. "Na san abin da zuwan nan ya ci miki. Ban taɓa shakkar ki ba, ko na minti ɗaya."

Da gudu na fita, mayafi a fuska, amma murmushi nake har gida.

Bayan kwana uku Mama ta aika a kira ni ofishinta. Ɗanta yana tsaye da takardu, Malama na gefe.

"Yaran duk ƙwayar cuta iri ɗaya ce a hanjinsu," in ji shi. "Roba ta goma sha biyu kuwa tas take. Na gwada ruwan tankin da yara ke sha. A can take."

Mama ta dafe ƙirji.

"Tankin? Sau biyu yarinyar nan ta ce min a wanke shi, na ce sai hutu..."

Malama ta tuna wai ta bar yara a aji, ta sulale.

Mama ta taso ta kama hannuwana biyu.

"Ki yafe min, 'yata. Laifina na ɗora miki."

"Ba komai, Mama..." Hawaye suka ƙwace min.

Aka wanke tanki, likita ya rubuta wa yara magani. Kafin sati biyu sun dawo suna tsalle a kan benci, suna ihun a ƙara musu abinci.

Ranar ne ya biyo Mama har kicin yana sosa ƙeya.

"Mama, dama akwai wata magana..."

"Tafi can, sarkin nawa! Tun jiya na je na ga mahaifinta."

Na ɓuya a bayan firiji. Mama da kanta ta jawo ni tana dariya.

Wata biyu bayan nan muka yi aure.

Har yau in baƙi suka tambayi yadda muka daidaita, shi yake saurin buɗe baki, ni kuma in toshe masa da hannu biyu.